Yadda Ake Ajiye Mota a Titi da Tono Ta Bayan Dusar Ƙanƙara a Biranen Amurka da Kanada

Wanda ya sauka a Shikago, Boston, Minneapolis, Toronto ko Montreal, ko karatu ne ya kai shi ko aiki ko aure, in ya kama haya a gidan da ba gareji kuma ya sayi mota, to a gefen titi za ta riƙa kwana kamar ta kowa. Daga Afrilu zuwa Nuwamba ba wata wahala sai ta neman gurbi. Da hunturu ya kama kuwa, gurbin nan yana da ƙa'idarsa daban, kuma ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ya karanta maka ita. Mutanenmu masu zuwa daga Kano ko Damagaram ko Kumasi sukan yi wa jikinsu shirin sanyi tsaf, su manta da motar. Asarar da aka fi tafkawa iri uku ce: janwe ta ɗauke motar don ta kwana a gefen da za a share, ko an bar ta har dusar ta daskare a kanta, ko kuma, Allah ya kiyaye, an tada inji alhali bakin salansa na binne.

Ka fara sabawa da ma'aunin hasashen yanayi. Amurka da inci take auna dusa. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne, don haka in aka ce inci 12 za su sauka, santimita 30 ke nan, kusan rabin tsayin tayar ƙaramar mota. Sanyi kuma da ma'aunin Fahrenheit suke faɗinsa: 32 nan ne ruwa ke daskarewa, sifilinsu kuwa daidai yake da 18 ƙasa da sifili a Celsius ɗin da muka saba. Kanada da santimita da Celsius take aiki. Duk lissafin sanyin da zai biyo baya a nan da Celsius ne.

Dokar titinka, tun kafin dusa ta sauko

Kowane birni da nasa tsarin. Minneapolis da Saint Paul maƙwabta ne na ƙut da ƙut, amma wanda ya bi ƙa'idar ɗaya a cikin ɗayan zai kwana da tara.

A Minneapolis, in dusa ta yi yawa, hukumar birni kan ayyana dokar ta-ɓaci ta dusa, kuma tana sanarwa kafin ƙarfe 6 na yamma. Kwana uku ake yi. Daren farko, daga 9 na dare zuwa 8 na safe, ba a ajiye mota a kowane gefe na manyan titunan da aka ware. Za ka gane su da jan allo mai rubutun "Snow Emergency Route", kuma allon sunan titin shuɗi ne. Rana ta biyu, daga 8 na safe zuwa 8 na dare, ana share ƙananan tituna, gefen da lambobin gidajensa ke ƙarewa da 0, 2, 4, 6 ko 8, haɗe da duka gefe biyu na hanyoyin da ke bin wuraren shaƙatawa. Rana ta uku, a awannin nan dai, sai ɗaya gefen. Tsofaffin 'yan gari suna da dabarar da ke rage wahala: tun daren farko su ajiye motar a ƙaramin titi, gefen da lambobinsa ke ƙarewa da 1, 3, 5, 7 ko 9. Nan za ta zauna lafiya har ƙarshen rana ta biyu. Da dare sai su tsallakar da ita gefen da aka riga aka share. Matsarwa ɗaya ta isa, maimakon uku.

Shikago doka biyu gare ta, kuma ta farkon ita ke kama baƙi. Daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, tsakanin 3 na dare da 7 na safe, ba a ajiye mota a wasu manyan tituna masu tsawon mil 107, ko akwai dusa ko ƙasa a bushe take ƙayau. A shekarun nan kuɗin ja dala 150 ne, tara dala 60, ajiya kuma dala 25 kowace rana. Mai zuwa sallar asuba ya kula sosai, don a tsakiyar hunturu ana idar da sallah dokar ba ta ɗauke ba. Doka ta biyu ta shafi wasu manyan titunan na kusan mil 500, ita kuma sai dusa ta kai inci 2 take aiki. Wannan tsananin yana da tarihi. Bayan guguwar dusar Janairun 1979, magajin gari Michael Bilandic ya faɗi zaɓen fidda gwani a hannun Jane Byrne, mafi yawa saboda mutane sun fusata da yadda aka bar tituna a toshe. Tun daga nan ba magajin garin da ke wasa da shara.

Montreal ba ture dusa gefe kawai take yi ba, kwashe ta take a tifa-tifa ta kai wajen zubarwa. Kafin a zo layinku za a kafa alluna ruwan lemo masu nuna awanni, yawanci 7h zuwa 19h ko 19h zuwa 7h, wato 7 na safe zuwa 7 na yamma ko 7 na yamma zuwa 7 na safe. Ana gab da fara aiki janwe kan zagayo tana jiniya. Wannan jiniyar ita ce gargaɗin ƙarshe, in ka ji ta ka zura takalmi ka sauko. Manhajar waya ta birnin tana nuna layin da ke kan jadawali, kuma birnin kan buɗe wasu filayen fakin kyauta da dare a kwanakin kwasar.

A Boston, da an ayyana ta-ɓaci ake hana fakin a manyan hanyoyi, sai a rage wa mazauna gari kuɗin wasu garejin haya, amma dole ka fitar da motar cikin awa 2 da ɗage dokar, in ba haka ba cikakken farashi ya dawo. In dusa ta yi yawa, Toronto kan hana fakin a titunan da ta ware, yawanci na awa 72, musamman inda jirgin cikin gari ke bi. Ottawa kan sa dokar hana fakin in an yi hasashen santimita 7 ko fiye. New York kan dakatar da dokarta ta sauya gefe don sharar titi, sai dai hakan ba ya nufin an yafe kuɗin mita.

Aikin da ke gabanka tun watan Oktoba kaɗan ne. Ka taka da ƙafa ka karanta kowane allo a layinku da layuka biyu na kusa, ka ɗauki hotonsu, don ranar guguwa dusa kan manne a fuskar allo ta rufe rubutun. Ka yi rajistar saƙon waya na hukumar birni. Ka riƙe lamba 311, ita ce ta tambayar harkokin birni a mafi yawan garuruwan nan. Sannan ka nemo wuri na biyu da za ka kai motar in layinku ya haramta.

Kayan aiki

Shebur biyu kake buƙata. Ɗaya mai faɗin baki na roba, na ture dusa mai laushi. Ɗaya mai bakin ƙarfe, na saran tudun da motar shara ke bari. Na ƙarfen a cikin gida yake kwana, bakin ƙofa. Shebur ɗin da ke cikin but ba shi da amfani ranar da but ɗin kansa ke ƙarƙashin rabin mita na dusa. Haka ma ɗan kwalbar maganin narkar da ƙanƙarar makulli, a aljihun rigar sanyi yake zama.

Sai buroshi mai dogon hannu wanda ke da makankarin roba a ɗaya bakin, da buhun yashi na kilo 10 ko ƙasar da ake zuba wa kyanwa, irin wadda ba ta dunƙulewa in ta jiƙe. Ruwan wanke gilashi ya zama na hunturu, a Kanada wanda aka rubuta -40 a jikinsa. Na bazara kan daskare a tanki da bututu, wani lokaci ya fasa su. Ka ƙara da wayar jona batir, tocila, bargo, da safar hannu ta biyu.

Gishirin titi na yau da kullum yana aiki har wajen 9 ƙasa da sifili, daga nan ƙarfinsa ya ragu sosai. In sanyi ya wuce haka, sai wanda aka rubuta calcium chloride a buhunsa, shi yana narkarwa har kusan 30 ƙasa da sifili. Ya fi tsada, amma ɗan kaɗan ake barbaɗawa.

Tayar hunturu tana da alamar dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a ciki. A lardin Quebec wajibi ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A sauran wuraren nan zaɓi ne, amma mai kwantar da mota a titi ya fi kowa buƙatarta, don robar tayar gama-gari takan fara tauri da ma'auni ya gaza digiri 7 sama da sifili. Duk waɗannan a saye su kafin Nuwamba ta ƙare. Jajibirin guguwa ko shebur ɗaya ba za ka tarar a kanti ba.

Zaɓen gurbi a daren da ake jiran dusa

Motar shara tana da ƙaton faifan ƙarfe a gabanta, kuma a mafi yawan birane an karkata shi ne ya zubar hannun dama. A titin wanwe da aka yarda a ajiye a gefe biyu, motocin dama su ke shan binnewa. Ka nemi hagu.

Ka guji bakin kwana, nan ne mai shara ke jibge abin da ya turo. Ka guji ƙarƙashin manyan rassan itace da bakin rufin dogon gini, inda dusa da ƙanƙara ke zamowa. Kada taya ta tsaya cikin caɓi ko kan magudanar ruwa, don in dare ya yi caɓin zai daskare ya riƙe tayar gam. Famfon 'yan kwana-kwana kuma a ba shi tazararsa, ƙafa 15 a New York da Shikago, wato mita huɗu da rabi. Cewa dusa ta rufe shi ba ka gani ba, ba hujja ba ce wajen mai rubuta tara.

In da hali ka bar kusan mita ɗaya gaba, mita ɗaya baya, wurin da za ka tsaya da shebur kuma motar ta samu inda za ta motsa. Ka matsa kusa da dakalin titi, ka miƙe tayoyi in wurin shimfiɗe ne, ka naɗe madubin ɓangaren titi. Kafin ka kashe inji ka tabbatar makunnin waifa a kashe yake. In ka bar shi a kunne, da safe kana murza makulli waifar za ta yi ƙoƙarin tashi alhali ta manne, sai fis ya ƙone ko injin waifar ya tafi. Ɗaga waifa sama yana taimakawa in ana jiran ruwan sama mai daskarewa, amma in akwai iska mai ƙarfi gara a bar ta kwance a rufe gilashin da tamfol.

Birkin hannu kan daskare in jiƙa ta shiga waya ko takalmin birkin baya. A wuri shimfiɗaɗɗe, mota atomatik a bar ta a P kawai, mai giyar hannu kuma a giya ta ɗaya ko ribas. A gangare dole a ja shi, a kuma karkata taya wajen dakali. Tanki kada ya gaza rabi. Daga ƙarshe ka ɗauki hoton motar tare da gidan da ke daura da ita, don gobe duk motocin layin kamanninsu ɗaya, kuma ana samun wanda ya yi rabin awa yana tono motar wani.

Tonowa

Lokaci shi ne rabin aikin. Dusa sabuwar sauka mai laushi ba ta da nauyi, murabba'in mita ɗaya mai zurfin mita ɗaya ba ya wuce kilo 100. Jiƙaƙƙiya kan ninka haka sau uku ko fiye. Tudun da motar shara ta turo kuwa ya fi duka, don an danne shi kuma ya gauraye da gishiri da ruwa. Awa ɗaya ko biyu bayan wucewarta shebur na shigarsa. In ya kwana, sai sara. Saboda haka sau biyu ake fita: in guguwar mai tsawo ce a rage dusar tun tana sauka, duk santimita 10 zuwa 15, sannan a sake fita da zarar mai shara ta wuce. Wanda ya share tsaf kafin ta zo ya sani zai maimaita ɓangaren titi.

Farkon abin da shebur zai taɓa shi ne bayan motar. Ka buɗe wajen mita ɗaya kewaye da salansa, ka durƙusa ka leƙa bakin bututun da tocila, ka zaro duk abin da ya cushe. Wasu motocin salansa biyu gare su, wasu kuma bakin yana lanƙwashe ƙarƙashin bamba. In bakin a toshe yake, ko dusa ta kewaye ƙasan motar, hayaƙin ba shi da mafita sai cikin motar, kuma iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce dai wadda ke hallaka iyali in an kwana da janareto a cikin ɗaki. A guguwar Janairun 2016, a garin Passaic na jihar New Jersey, wata uwa da ƙananan 'ya'yanta biyu sun rasu ta wannan hanya. Sun shiga motar ne su ji ɗumi, uban yana waje yana tonon ta. Kada a sa yaro ko kowa a mota mai kunnen inji sai an gama buɗe bayanta da gefenta.

Sai ƙofar direba. In ta manne, kada ka fizgi hannun da ƙarfi, roba ce, cikin sanyi karyewa take. Ka danna ƙofar ciki da tafin hannu ko kafaɗa a kewayen bakinta har ƙanƙarar ta tsage, ko ka gwada wata ƙofar, musamman wadda rana ke duka. Ruwan zafi ba ya cikin lissafi: a gilashi yana iya tsaga shi nan take, a ƙofa kuma zai gangara cikin makulli ya sake daskarewa. Wanda ya shafa man silikon a robar ƙofofi tun farkon hunturu ba ya cika gamuwa da wannan.

Yanzu ka tada inji, ka juya hita ga gilashin gaba, ka kunna na baya. Ka tsaya kusa. Ana satar motocin da aka bari a kunne, kuma a birane da yawa barin su haka laifi ne. Kana jira sai ka share daga sama zuwa ƙasa da buroshi: rufi, gilasai, bonet, but, fitilu, lambar mota. Shebur ba ya taɓa fenti. Ka kwashe dusar da ta taru a gindin gilashin gaba, ta nan hita ke shaƙar iska, in a toshe yake gilashin zai yi ta hazo daga ciki. Rufin kuwa kada ka yi masa ganda. Da ciki ya yi ɗumi ƙasan dusar zai narke, birkin farko da ka taka sai ta zamo gaba ɗaya ta rufe maka gani, ko a babbar hanya ta tashi ta faɗa wa na bayanka. New Jersey, Pennsylvania da New Hampshire duk suna cin tara a kan haka.

Sannan tayoyi. Ka buɗe hanya gaba da bayan kowace taya, wajen mita ɗaya, har ka ga kwalta ko ƙanƙara mai tauri. Ka zura shebur ƙarƙashin motar ka jawo abin da ya cushe. Mutane da yawa nan suke tsallakewa, su share tayoyi fes amma cikin motar na zaune a kan dusa, nauyin ba ya kan tayoyin, sai su yi ta juyawa a banza.

Tudun ɓangaren titi shi ne na ƙarshe. Ka sare shi gunduwa-gunduwa da shebur na ƙarfe, daga sama. Ƙofar fitar ta fara daga ɗan gaban bamba har tsakiyar motar ko fiye, don tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, tana yanko ciki.

Inda za ka zubar ma da doka. Ba a watsa dusa tsakiyar titi, ba a mayar da ita kan hanyar ƙafa da aka share, ba a rufe famfon kwana-kwana ko magudana, ba a kuma jibga wa motar maƙwabci. Wurinta shi ne ɗan filin da ke tsakanin dakali da hanyar ƙafa, ko farfajiyar gidanku. Tafiyar taku huɗu da kowane shebur tana gajiyarwa, amma ta fi rigima sauƙi.

Jikinka kuma. Ka ɗebi rabin shebur, ka durƙusa da gwiwa, ka juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Duk minti 15 ko 20 ka huta. Aikin nan yana ɗora wa zuciya nauyi fiye da yadda ake zato, don sanyi na tsuke jijiyoyin jini a daidai lokacin da kake ɗaga kaya. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya, da wanda shekaru suka ja, gara ya biya matasan unguwa. In ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya ɗauke, ko zafi ya sauko hannu, a ajiye shebur a kira 911, lambar agajin gaggawa. In sanyi haɗe da iska ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin rabin awa. A baƙar fata launin ba ya saurin nunawa, don haka alamar da za ka bi ita ce yatsa ko kunne ya daina ji ko ya yi tauri. Bayan alwala a goge hannu da ƙafa su bushe sarai kafin a sa safa. A shekarun nan azumi na faɗowa cikin hunturu, mai azumi ya yi babban tonon bayan buɗa baki ko da ya gama sahur, in jadawalin shara ya ba shi dama.

In ta ƙi fita

Ka miƙe sitiyari, tayar da ke karkace turjiya take ƙarawa. Ka sa giya ta biyu in ta hannu ce, ka taɓa totur a hankali ƙwarai. Da ka ji taya na juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafa. Juyawar nan tana narkar da dusar ƙasanta ta goge ta ta zama ƙanƙara mai santsi, tana kuma haƙa rami.

Dabarar ita ce lilo: gaba kaɗan, ka taka birki ta tsaya cak, ribas kaɗan, birki, gaba kuma, kowane zuwa sawun na ƙara tsawo. Kafin ka fara ka kashe na'urar hana taya zamewa, maɓallinta yana da hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa, don ita rage wa inji ƙarfi take a daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ka tuna ka mayar da ita in ka hau titi. Kada ka sauya giya taya na juyawa, kuma in minti biyar sun wuce ba ci gaba ka tsaya, giyabos na ɗaukar zafi. Ka sauko ka ƙara tono, ka zuba yashi gaba da bayan tayoyin da ke ja, a mafi yawan ƙananan motoci na gaba ne. In ba yashi, shimfiɗar ƙafa ta roba tana aiki, a tura bakinta ƙarƙashin tayar. Sai dai takan yi tsalle da ƙarfi, don haka masu turawa kada su tsaya saitin taya.

In ka murza makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas kawai, batir ne. A 18 ƙasa da sifili yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa ko fiye, ga man inji ya yi kauri. Batirin da ya haura shekara uku ko huɗu a auna shi tun kaka. In kuma ka hau hanya ka ji sitiyari na rawa, yawanci dusa ce ta daskare a cikin rim, a kankare ta rawar ta tafi.

Kujerar da ke tsakiyar gurbi

Washegarin guguwa za ka ga kujerar roba, kwandon shara, tsohon teburin guga ko mazugin roba ruwan lemo irin na kan titi a gurbin da aka share. Ma'anarsa wani ya yi gumi a nan kuma zai dawo. A Shikago "dibs" suke ce wa al'adar. Doka ba ta san da ita ba, hukuma kan kau da kai na 'yan kwanaki, sannan ta sanar da ranar da masu kwasar shara za su kwashe komai. Boston ce ta rubuta ta: sai in an ayyana ta-ɓaci, kuma awa 48 kawai bayan ɗage ta, sannan a unguwannin South End da Bay Village an hana gaba ɗaya. 'Yan sandan Philadelphia sun daɗe suna shelar cewa haramun ce, mutane kuma ba su daina ba. A Pittsburgh kujerar ta zama abin da aka san garin da shi.

Shawarar da ta fi wa baƙo ita ce kada ya taɓa kujerar kowa. Gaskiya ne titi na kowa ne, kuma a mafi yawan wurare doka na bayanka. Amma kai za ka shiga ɗaki ka yi barci, motarka za ta kwana a waje tare da mai kujerar. Ana karce fenti, ana fasa taya, ana mayar da dusar kan mota. Ka zagaya layi na gaba ka tona naka, awa ɗaya ce. In kujerar ta wuce ƙa'ida, 311 ake kira. Kai kuma kada ka ajiye taka sai inda aka halatta ko ka ga duk layin na yi, kuma ka ɗauke ta bayan kwana biyu. Gurbin da aka share ba a sa komai ba, shiga abinka. In akwai dattijuwa ko mai lalura a layin, ka tona mata tata kafin ta roƙa. Maƙwabtan nan su ne za su buga maka waya ranar da janwe ta shigo kana barci.

In ka fito ba mota

Kafin ka ce an sace, ka kira 311 ko ka duba shafin birni da lambar motar. A Montreal yawanci layin kusa ake kai ta a ajiye da takardar tara a gilashi, shafin Info-Remorquage zai nuna maka inda take. A biranen Amurka filin ajiya na hukuma ake kai ta. Ka je a ranar, don kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake. Ka tafi da lasisi, takardar mallaka, shaidar inshora da katin biya. Kafin ka fitar da ita ka zagaya ta ka ɗauki hoto, musamman bamba da ƙasan gaba. In kana ganin an zalunce ka, ka biya ka karɓi motarka tukuna, sannan ka ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da ke jikin takardar, da hotunan allo da na wurin. In mai shara ce ta goge ka, ka rubuta lambar jikinta da lokaci, ka sanar da inshora, ka shigar da koke ga birni da wuri, wa'adin irin wannan koken gajere ne.

Kwanakin da ke biyo baya

Kowace guguwa tana cin ɗan faɗin titi, don tudun gefe ba ya komawa. Mutane kan ajiye mota jikin tudun alhali dakalin na can mita ɗaya a ciki. A birane da yawa doka ta ce taya kada ta wuce inci 12 daga dakali, kuma in motar kwana-kwana ko bas ba za ta wuce ba, za a ja taka ko ba ta-ɓaci. In abin ya yi yawa Minneapolis kan hana fakin a gefe ɗaya na ƙananan tituna na makonni, ta yi haka a 2019 da 2023. Barin mota binne har bazara ma ba dabara ba ce: a Minneapolis awa 72 ne iyakar zama a gurbi ɗaya, a Shikago da New York kwana 7.

Hanyar ƙafar da ke gaban gida kuma tana da wa'adi. Boston awa 3 bayan dusa ta tsaya, ko awa 3 bayan fitowar rana in da dare ta sauka. New York awa 4 in da rana ta tsaya. Toronto awa 12. Minneapolis awa 24 ga ƙananan gidaje. A Shikago wadda ta sauka da rana a share kafin 10 na dare, ta dare kuma kafin 10 na safe. Ka duba takardar hayarka, wasu masu gida kan ɗora wannan a wuyan ɗan haya.

Da aka ce gobe za a yi ɗumi, ka buɗe bakin magudanar da ke kusa da motarka, in ba haka ba ruwan narkewa zai taru a gurbin ya daskare da dare. Ka auna iskar taya, takan ragu da kusan PSI ɗaya a ma'aunin iskar taya duk saukar digiri 5 ko 6. Ranar da ma'auni ya hau sama da sifili ka kai motar wanki, ka ce a wanke ƙasanta, don gishirin titi shi ke cin bututun birki da salansa. Kafin ka mayar da ita titi ka goge robar ƙofofi da tsumma, ka kuma taka birki sau da yawa a hanya ya bushe.